Gwanzu, Birnin Fatake a Bakin Kogin Lu'ulu'u

Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi ya juya kwalin fitila, ko ya duba gindin kwanon sha, ko ya warware turmin atamfa mai sauƙin kuɗi, zai ci karo da sunan ƙasar Sin, kuma idan ya tambayi mai shago inda aka saro kayan, amsar ba ta cika wuce Dubai ko Gwanzu ba. Wannan birni, wanda masu shi suke rubuta sunansa Guangzhou, Turawa kuma suka daɗe suna ce masa Kanton, ya zauna a bakin mutanenmu har yaran shago suna ambatonsa yadda suke ambaton Kano ko Kwatano, amma saninmu da shi ya tsaya ne a kan farashi da kuɗin kwantena. Kawuna yana cikin Alhazan da suke zuwa can sarin yadi, ni kuma nake riƙe masa littafin lissafi, saboda haka a wata kaka, bayan an kai hatsi rumbu, ya ce in nemi biza mu tafi tare. Muka bi hanyar Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso zuwa Yamai, tafiyar kilomita fiye da 600, daga nan jirgi ya kai mu Adis Ababa, wani kuma ya kwana da mu a sama har filin jirgin Baiyun, inda agogo yake gaba da namu da awa 7.

Tun jirgi bai sauka ba ruwa ne ya ɗauke mini hankali. Mutumin da ya tashi a bakin Gulbin Maraɗi, wanda yake kawo ruwa da damina ya koma rairayi da rani, yana buƙatar lokaci kafin ya gane ƙasar da kogi ya tsattsaga ta ta ko'ina. Koguna uku ne, na Yamma da na Arewa da na Gabas, suke gangarowa daga cikin ƙasa su haɗu a wannan yanki, sa'an nan su sake rarrabuwa rassa-rassa kafin su faɗa tekun kudancin Sin, kuma wannan tarin ruwa shi ake kira Kogin Lu'ulu'u. Ƙasar da take tsakanin rassan duk laka ce da ruwa ya kwaso daga tuddai ya jibge shekara da shekaru, kuma a kanta aka gina Gwanzu da Foshan da Dongguan da Zhongshan, garuruwan da suka haɗe da juna har baƙo ba ya sanin inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Gwanzu kaɗai, bisa ƙidayar 2020, tana da mutum fiye da miliyan 18, wato ta ɗara adadin da aka ƙirga a Nijar baki ɗaya a ƙidayar 2012.

Na shiga jirgin fito da ma'aikata suke hawa don tsallake kogi, kuma daga kansa ne zaman birnin ya fito mini fili. A gefe guda ga hasumiyar Kanton mai tsawon mita 600, wadda aka buɗe a 2010, a tsakiyar ruwa kuma ga faffaɗan jirage ɗauke da yashi da kwantenoni suna bin juna. Birnin yana da nisan kimanin kilomita 120 daga Hong Kong, saboda haka ya shige cikin ƙasa isasshe don ya tsira daga haukan teku, amma jirgin teku yana iya hauro masa, jirgin kogi kuma yana iya gangaro masa da amfanin lardunan ciki. A zamanin jiragen iska, fataken Farisa da Larabawa da Indiya suna isowa ne da iskar kudu maso yamma a lokacin zafi, kuma ba su da halin komawa sai iska ta juya daga arewa maso gabas a lokacin sanyi. Wannan jira na watanni shi ya tilasta musu neman masauki da masallaci da alƙali da makabarta, kuma shi ya mai da bakin kogin zango.

Zangon yau yana unguwar Xiaobei, can muka sauka. A benen Tianxiu da lungunan da suke kewaye da shi mutum yana jin Bambaranci da Fulatanci da Larabci da Faransanci, kuma ba ya daɗewa bai ji Hausa ba, yayin da ƴan kudancin Najeriya suka fi yawa a wajen Sanyuanli, arewa kaɗan. Musulmin Sin, Hui da Uighur, su ne suke riƙe da gidajen abincin halal na unguwar, masu ja da taliya da hannu da masu gasa tsiren rago, shi ya sa Musulmin Afirka ta Yamma suka fi son zama nan. Mai masaukinmu mutumin Adar ne da ya daɗe a birnin har ya iya yaren hukuma na Sin, yana kuma tsintar na mutanen Kanton, wanda ya bambanta da shi ƙwarai. Shi yake tarbar baƙo, ya tabbatar an yi masa rajista wurin ƴan sanda cikin awa 24 kamar yadda doka ta ce, ya raka shi kasuwa ya yi tafinta, ya karɓi kaya a mangaza bayan baƙon ya koma gida, ya duba su, ya loda, ya ɗauki la'adarsa. Ciniki kuwa a fuskar na'urar lissafi ake yinsa: mai shago ta buga adadi ta miƙo, Kawu ya girgiza kai ya goge ya buga nasa, a yi ta miƙa wa juna har a daidaita, sa'an nan a ba da kafin alƙalami, a sa hannu a kan samfur, a yanke ranar da kaya za su fito. Mai masaukin ya shaida mana cewa unguwar ta ragu sosai a kan yadda ya same ta, saboda tsananin biza, da tsadar kaya, da kuma wulaƙancin da ƴan Afirka suka sha a watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, sa'ad da aka fitar da wasu daga gidajen haya da otal-otal har gwamnatocin Afirka suka kai kuka.

Ranar Juma'a muka bi ayarin jama'a zuwa masallacin da yake kusa da lambun Lanpu, inda akwai hubbaren da Musulmin Sin suke jingina wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas, Allah ya ƙara masa yarda. Dubban mutane ne suke cika harabar da ƙarƙashin itatuwa, baƙi da fari, kuma bayan sallama titin ya zama kasuwar abinci. Daga can na wuce masallacin Huaisheng da yake titin Guangta, wanda al'adar garin take cewa an gina shi a shekarar 627. Rufinsa da ƙofofinsa ginin Sin ne tsantsa, amma hasumiyarsa daban take, dunƙulalliya ce, sumul, mai tsawon mita 36, kuma ana cewa a da fitilar da take kanta ce take nuna wa jirage hanya. Yau mai tsayuwa a gindinta ba ya ganin ruwa ko kaɗan, sai ya yi tafiya mai ɗan nisa kudu ta cikin gidaje da shaguna, domin lakar kogi ta yi ta cike gaɓa tana tura ruwan gaba.

Game da hubbaren, Kawu ya tambaye ni a hanya, ya ce, "Kai da ka yi karatu, sahabin nan da gaske yana kwance a nan?" Na ce masa, "Kawu, malaman tarihin Musulunci sun tafi a kan cewa Sa'adu ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka ɗauko shi aka binne a Baƙi'a." A ganina wannan bai rage wa wurin daraja ba, domin ko wane ne yake kwance a ciki, daɗewar Musulmi a wannan gari ba abin musu ba ne. A zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, Larabawa suna kiran birnin Khanfu, kuma tun a 714 akwai jami'in da aka ɗora wa kula da jiragen fatake da harajinsu. An ware wa baƙi unguwa, an bar su su naɗa shugabansu wanda yake yi musu shari'a da tasu doka. Zaman bai kasance lafiya kullum ba, domin a 758 Larabawa da Farisawa sun wawashe garin suka tsere ta ruwa, a wajen 879 kuma ɗan tawaye Huang Chao ya ci birnin ya karkashe fataken waje, har marubutan Larabawa na lokacin suka ƙiyasta mamatan da 120,000, adadin da ko an zuzuta shi yana nuna girman zangon. Ibn Batuta, wanda ya sauka Takadda a ƙasar Ayar a 1353 har ya ambaci cewa ana kai tagullarta Gobir, shi ma ya bayyana wannan birni da sunan Sin Kalan, ya ce kasuwar tangaran tana cikin mafi girman kasuwanninsa, daga nan ake kai shi Indiya da Yaman.

Cinikin ma ya girmi Musulunci a nan. An kafa garin da sunan Panyu a shekara ta 214 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma a 1983 masu haƙar gini suka ci karo da kabarin Zhao Mo, sarki na biyu na masarautar Nanyue. Na shiga gidan tarihin da aka gina a kansa, na ga rigar duwatsu masu daraja da aka suturta shi da ita, amma abin da na fi tsayawa a kansa shi ne ɗan akwatin azurfa irin na Farisa da hauren giwar Afirka da aka binne shi da su, fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Babin tarihin da na fi ganewa shi ne na tsakanin 1757 da 1842, domin tsarinsa tsarin da kakanninmu fataken goro suka sani ne a zangunan Gwanja. A 1757 sarkin Sin Qianlong ya rufe wa Turawa sauran tashoshi ya ce cinikinsu na teku a Kanton kaɗai za a yi shi. Manyan jiragensu suna tsayawa a Huangpu, ƙasa da gari, su kuma an ba su wani ɗan fili a bakin kogi, wajen ganuwa, inda aka jera gidajen ciniki da ake kira Gidaje Goma Sha Uku. Ba su da izinin shiga cikin birni, ba su da izinin kawo matansu, an hana ɗan ƙasa koya musu yare, kuma idan lokacin ciniki ya wuce sai su koma Makau, inda ƴan Fotugal suke zaune tun 1557. Kowane jirgi tilas ya sami fatoma daga cikin ƴan tsirarun attajiran da hukuma ta ba lasisi, kuma fatoman nan shi yake tsaya wa baƙo, shi yake biyan harajinsa, shi yake sama masa ganyen shayi da siliki da tangaran, shi kuma ake kamawa idan matuƙan jirgin suka yi laifi. Mafi shahararsu, Wu Bingjian, wanda Turawa suke kira Howqua, an ƙiyasta dukiyarsa da dalar azurfa miliyan 26 a 1834.

Abin da ya rusa tsarin shi ne Ingila tana shan shayin Sin, Sin kuwa ba ta buƙatar kayan Ingila, sai azurfa take karɓa. Don su toshe wannan giɓi, ƴan kasuwar Ingila suka shiga fasa-ƙwaurin ofiyom, ƙwaya mai sa maye da ake nomawa a Indiya, har azurfa ta juya tana fita daga Sin, mutane kuma suna lalacewa. A watan Yuni na 1839 wakilin sarki Lin Zexu ya lalata akwati fiye da 20,000 na ƙwayar a Humen, a bakin teku, abin da ya jawo yaƙin da ya ƙare da yarjejeniyar Nanjing ta 1842, wadda ta buɗe tashoshi biyar ta kuma miƙa wa Ingila tsibirin Hong Kong. Gidaje Goma Sha Uku sun ƙone a 1856, amma titin yana nan da sunansa, kuma har yau sarin tufafi ake yi a kansa, tun asuba masu tura kura suna kai da kawowa da dilolin riguna. Bayan gobarar, Ingila da Faransa suka karɓi tudun rairayin Shamian, suka haƙa masa magudana ya zama tsibiri, suka sa ƙofofi a gadojinsa biyu waɗanda ake kullewa da dare, sai ya zama yanzu ɗan ƙasa ne ake tsarewa a waje. Na zaga shi da yamma, wuri ne mai inuwa da tsofaffin benaye da wata majami'ar Faransawa, amare da angwaye suna ɗaukar hoto, kuma ban ga abin da zai zaunar da ɗan kasuwa a cikinsa ba.

Tsallaken gadar Shamian kuwa akwai kasuwar Qingping, ta masu magungunan gargajiya, kuma nan na daɗe. Buhunan saiwoyi ne da busassun namomin ruwa da naman kaza da ɓawon lemo wanda ake ajiyewa shekaru, farashinsa yana hawa da tsufansa. A wani shago na ga wasu baƙaƙen abubuwa masu sheƙi a cikin kwalaye masu ado, mai masaukinmu ya ce ejiao ke nan, wanda ake dafawa daga fatar jaki ana sha don ƙarin jini. Sai na tuna yadda kuɗin jaki ya yi tashin gwauron zabo a kasuwanninmu na ƙauye har gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna a 2016, Tarayyar Afirka kuma ta tsai da shawarar hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Matar da take rasa abin ɗauko ruwa a ƙauyen Dakwaro da tsohuwar da take sayen wannan kwali ba su san juna ba, amma ciniki ɗaya ne ya haɗa su.

Bajekolin Kanton, wanda ake yi sau biyu a shekara tun 1957, yana ci a tsibirin Pazhou lokacin da muke can. Mun leƙa, amma Kawu ya ce wannan wurin masu odar kwantena goma ne, mu kasuwarmu tana Zhongda.

Zhongda tarin kasuwannin yadi ne a kudancin kogi, kusa da jami'ar Sun Yat-sen, benaye bayan benaye, wani na leshi kaɗai, wani na maɓallai da zif, wani na yadin maza. Mai shago ba ya ajiye bandir da yawa, ƙyallayen samfur ne a rataye da lamba, idan an daidaita a kawo kayan daga mangaza ko daga masaƙa. Amma abin da ya fi kasuwar ban mamaki yana bayanta, a unguwannin Kangle da Lujiang, inda lunguna suke da ƙunci har rana ba ta taɓa ƙasa, kuma kowane hawa na kowane gida ɗakin ɗinki ne. Da safe masu ɗakunan suke fitowa su jeru a bakin titi, kowa riƙe da rigar da yake son a ɗinka da ɗan kwali mai rubutu, teloli kuma, akasarinsu ƴan ci-rani daga lardin Hubei, suna wucewa suna juya rigar suna duba wuyar aikinta kafin su yarda da kuɗin kowace guda. Yadin da aka saya da rana yana iya zama riga a kasuwar sari washegari. Aikin yana da tsanani, ana raba dare a kan keke, kuma ba zan ce ina yi wa ɗan kowa sha'awar irin wannan zama ba, sai dai a nan na gane cewa shagon da muke ciniki a cikinsa baki ne kawai, cikin yana baya.

Haka yankin yake gaba ɗayansa, kowane gari da sana'ar da ya riƙe. Foshan tana yin tayil da kayan banɗaki, Lecong kujeru da gadaje, Guzhen fitilu, Shenzhen wayoyi da kayan lantarki, Jiangmen kuma babura. Babura dai irin waɗanda ƴan kabu-kabu suke kai mu unguwa da su a Maraɗi, alhali a tsakiyar Gwanzu an hana hawansu tun 2007.

Tsofaffin sana'o'in hannu an tara su a gidan zuriyar Chen, wanda aka kammala a 1894 kuma yanzu ya zama gidan adana fasahar gargajiya ta lardin Guangdong. Akwai surfani na siliki mai kyau ta fuska biyu, akwai ƙwallon hauren giwa wanda aka sassaƙa ƙwallaye da yawa a cikinsa kowane yana juyawa shi kaɗai, sana'ar da ta koma kan ƙashi tun da Sin ta hana cinikin haure a ƙarshen 2017, akwai kuma tangaran mai zanen zinariya wanda a da ake kawo shi fari daga Jingdezhen a zana shi a nan bisa son mai saye na Turai. Wannan na ƙarshe ya nuna mini cewa yi wa baƙo kaya daidai da idonsa tsohuwar ɗabi'ar garin ce, kuma ita ce yau take buga mana atamfa da zanen da matanmu suke so. A Shiwan, cikin Foshan, na ga matoyar tukwane ta Nanfeng, doguwa mai hawa jikin tudu, wadda aka gina tsakanin 1506 da 1521 kuma har yanzu ana hura mata itace, mai toyi yana zura ƙirare ta ƙananan ramukan da suke bayanta yana auna zafi da launin wuta.

Inda na fi so a tafiyar duka shi ne Lunjiao, a gundumar Shunde, kudu da Gwanzu. Manoman wannan fadama sun daɗe da wata dabara: su haƙa tafki su zuba kifi, ƙasar da suka haƙo su yi tudu da ita su dasa itacen da tsutsar siliki take cin ganyensa, kashin tsutsar ya koma tafki abincin kifi, lakar tafkin kuma ta koma gindin itace taki. Daga nan silikin yankin ya samo asali, kuma daga cikinsa ake yin wani yadi da ake kira xiangyunsha, wanda hukuma ta sa rininsa cikin jerin gadon ƙasa a 2008. Marinar fili ce mai faɗi da ciyawa gajera a bakin wani reshen kogi. Ana niƙa wata saiwa mai kama da doya, ja a ciki, a tace ruwanta, a tsoma farin siliki, maza biyu su ja shi su shimfiɗa a kan ciyawa, a danne gefensa da gora, rana ta busar, a sake tsomawa ko a yayyafa masa ruwan, a sake shanyawa, a yi ta maimaitawa har yadin ya koma ja mai duhu. Sa'an nan sai a zo ga laka. Tun kafin fitowar rana ake ɗebo ta daga gindin kogi, a dama, ma'aikata su jeru da dogayen tsintsiyoyi su shafe fuska ɗaya ta yadin, a bar shi ɗan lokaci a inuwar asuba, a ɗauke shi a miƙe a kai kogi a wanke. Fuskar da laka ta taɓa ta fito baƙa mai sheƙi, ɗayar kuma ta zauna launin ƙasa. Ba a yin aikin sai da rana mai kyau, shi ya sa yake da lokacinsa a shekara, kuma bayan an gama ana ajiye yadin watanni kafin ya yi laushin da za a ɗinka.

Da dattijon marinar ya yi bayani ta bakin tafinta cewa ɗacin saiwar ne yake haɗuwa da ƙarfen da yake cikin lakar ya ba da baƙi, kuma ba kowace laka ce take yi ba, sai Kawu ya yi dariya ya ce, "Ai kuloko ne." Gaskiyarsa ne, domin majemanmu suna jeme fata da bagaruwa, dukawa kuma su jiƙa kashin maƙera su shafa, fatar ta yi baƙi nan take, kuma sinadarin da yake aiki a Shunde shi ne yake aiki a rumfar baduku. Masu bogolan na Mali ma da ganye da laka suke samun nasu baƙin. Bambancin yana wajen abin da aka yi da ilimin. Su sun rubuta shi, sun kare sunansa, sun kai shi hannun masu zanen tufafi na manyan birane, har yadin ya zama na masu hali. Mu kuwa muna da jar akuyar Maraɗi, wadda masu aikin fata na Turai suka san ingancin fatarta, amma masana'antar jima da aka kafa a garinmu bayan samun ƴancin kai ta daɗe da rufewa, fatun kuma suna tsallaka iyaka zuwa Kano, daga can su wuce Italiya da Sifaniya, mu kuma mu zo Gwanzu mu sari takalman roba. Na nemi Kawu ya sayi ko da bandir ɗaya ne, ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya ji farashi, ya ce, "Ɗana, kaya ne na gaske, amma wa zai saye shi a rumfata? Mai wannan kuɗin shaddar Getzner yake nema, wadda idan ya sa kowa zai san abin da ya sa." Yadi kaɗan na saya da kuɗin guzurina.

Sauran kwanakin a mangaza muka yi su, a wata unguwa ta wajen gari inda manyan motoci suke kwana. Nan ne aikina ya taso, domin kowace dila sai an buɗe an gwada da samfurin da aka sa wa hannu, an ƙirga bandir, an auna tsawon wasu, tun da yadin da aka rubuta a takarda ba kullum yake cika ba, kuma wanda bai duba a nan ba sai dai ya yi kuka a Maraɗi. Wata dila ta fito da shuɗin da ya fi na samfur haske, aka yi ta waya da mai kayan har ya yarda ya rage kuɗi. Kayan Kawu ba su cika kwantena ba, saboda haka aka haɗa su da na wasu ƴan kasuwar Damagaram da Tawa, ana biya bisa faɗin wurin da kayan kowa suka ci, kowa kuma ya rubuta alamarsa da lambar wayarsa a jikin dilolinsa. Daga tashar Nansha, a bakin kogin, jirgi yana yin fiye da wata guda kafin ya iso gaɓar Afirka ta Yamma. A da Kwatano ake saukewa a hauro ta Gaya, amma a lokacin tafiyarmu, da yake an rufe iyakar Binin bayan juyin mulkin Yuli na 2023, kaya sun koma bin Lome su ratso Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, abin da ya ƙara kwanaki da kuɗin mota a kan na duwan. Kawu ya sa na lissafa duk wannan a kan kowane bandir tun muna tsaye a bakin kwantenar, kuma da ya ga abin da ya fito, ya ce a janye odar leshi ta biyu sai bayan salla.